Muhammadu Durugu, Babban Gwanin Zazzau

Da yawanmu ba mu manta da ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023 ba, ranar da wani sashe na babban masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufta a kan masallata ana cikin sallar la'asar. Mutane da dama sun rasu, wasu sun jikkata. Allah ya jiƙansu, ya sa shahada suka yi. Ni a lokacin ina gida Toranke, ana tsakiyar damina, a waya na ga hotunan kamar kowa. An yi ta'aziyya, an yi addu'a, an yi ta nanata cewa gini ne mai tarihi. Amma duk cikin abin da aka turo mini ban ga an kira sunan wanda ya gina shi ba. Ni kaina, gaskiya, ban san shi ba. Sai bana da nake lalube abin da zan yi furojet a kai na ci karo da sunan, na ji kunya ta kama ni. Shekara biyu ina zane a sashen gine-gine, na haddace sunayen Turawa kamar karatun allo, ga wani a Zariya, tafiyar 'yan awoyi daga nan, ban taɓa jin labarinsa ba.

Sunansa Muhammadu Durugu. A wasu littattafan za ku ga an rubuta Malam Mika'ilu, amma sunan da ya bi shi har yau shi ne Babban Gwani. Ya yi zamani a ƙarni na 19, lokacin da daular Sakkwato ke kan ganiyarta. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya karɓi Zazzau a 1808, tsohon sarki Makau ya yi kudu da mutanensa. Bayan Malam Musa aka yi Yamusa, bayan Yamusa aka yi Abdulkarimu, wanda ya hau a 1834 ya rasu a 1846, shi ne tushen gidan Katsinawa a sarautar Zazzau. A zamanin wannan Abdulkarimu ne aka gina masallacin da muke magana a kai, daf da fada, kuma Durugu aka danƙa wa aikin.

Ku lura da halin da ake ciki. Mutanen da ke mulki a lokacin da sunan gyaran addini suka karɓi ƙasa, saboda haka masallacin Juma'a a wurinsu shi ne shaidar mulkin gaba ɗaya. Shi ya sa ba ɗakin salla kaɗai aka gina ba. An haɗa da wuraren alwala a mashigai, da ɗakin shari'a, aka kewaye da katanga. Wanda za a ba wa irin wannan aiki dole ya zama an riga an gwada shi an ga hannunsa.

Gini a ƙasar Hausa sana'ar gado ce. Yaro yana farawa da ɗebo ruwa da taka ƙasa, ya koyi murza tubali, ya koyi cilla shi sama ga wanda ke zaune a kan bango ba tare da ya fashe ba. Sai ya daɗe yana wannan kafin a bar shi ya ɗora. Daga masu ɗora bango ake samun 'yan kaɗan da suka iya rufi, daga cikinsu kuma ake samun gwani, wanda sarakuna da attajirai ke aikawa a kira. Kowane babban gari yana da Sarkin Magina. Durugu ya bi wannan tsani har ya wuce ƙarshensa, aka kira shi Babban Gwani, wato gwanin gwanaye. Labarin baka yana danganta wannan laƙabi da Sakkwato. Daga baya ya zama abin gado a zuriyarsa, kuma har gobe akwai unguwa a cikin birnin Zariya da ake kira Babban Gwani.

To, me ya yi da har ya cancanci wannan suna? A nan nake so mu ɗan daɗe, musamman 'yan sashenmu da 'yan injiniyan gini.

Matsalar maginin ƙasa ba bango ba ce. Bango kowa ya iya. A samo jar ƙasa, a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a murza tubali mai siffar ƙwai a shanya, a jera shi tsininsa na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin bango ya yi kauri, yana hawa yana sirancewa. Matsalar tana wajen rufi. Abin da ake da shi na ɗaukar nauyi shi ne azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya. Azara tana da kirki, gara ba ta cika cin ta ba, tana shekaru aru-aru ba ta ruɓe ba. Amma idan aka shimfiɗa ta aka labta mata ƙasa, ba ta iya ƙetare fiye da wajen mita biyu ba tare da ta lanƙwashe ba. Wannan shi ya sa ɗakunan kakanninmu suke da tsawo amma ba faɗi. Yanzu a ce maka ka rufe wurin da ɗaruruwan mutane za su yi sahu, da icen da ba ya wuce taku biyu. Yaya za ka yi?

Amsar magina ita ce baka. Daga jikin bango ko ginshiƙi ake fara abin da suke kira ƙafa: a kafa azara ta ɗan karkato ciki, a ɗaure ta da igiya, a binne gindinta cikin ƙasa, a bari ta bushe. Sai a ɗora wani jerin a kanta wanda ya fi na farko kwanciya, shi ma a ɗaure, a lulluɓe, a jira. Haka ake yi daga ɓangarori biyu, hawa-hawa, har su haɗu a tsakiya. Daga nan a bi da yaɓe a goge gaɓoɓin, sai ka ga abu ya lanƙwasa sumul kamar an zana. Idan guda ɗaya ne ya ƙetare ɗaki, sunansa bakan gizo. Idan biyu suka gitta juna a tsakiya, ɗaurin guga ke nan, kuma duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san dalilin sunan, don haka ake gitta itace a bakin guga. A kan waɗannan bakuna ake jera gajerun azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, rufin ya tashi ya zama tulluwa.

Abin da ya ɗaure mini kai da na fahimci wannan shi ne, ai darasin da aka yi mana ne a aji ɗaya. Kankare yana jure danniya, ba ya jure ja, shi ya sa ake sa masa rodi. Ƙasa ma haka take, azara ce rodinta. Kowane ɓangaren baka yana riƙe da kansa ne kamar hannun da aka miƙa, nauyin bangon da ke sama ya danne kafaɗar. Babu katakon tallafi a ƙasa, babu ƙusa. Bafaranshen nan mai aikin lambu, Joseph Monier, wanda ake yawan ambata a tarihin kankare mai rodi, sai a 1867 ya yi rajistar dabararsa, kuma tukwanen fulawa ya fara yi da ita. A lokacin masallacin Zariya ya shekara ashirin ko fiye ana salla a cikinsa.

Kar a ce na yi ƙari. Ba Durugu ne ya ƙirƙiro baka ba, gadonta ya yi. Abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba a saba kai ta ba. A ɗakin sallar Zariya ya tayar da manyan ginshiƙai, daga kowanne bakuna suka fita ta fuskoki daban-daban kamar rassan bishiya, suka haɗu da na maƙwabtansu, suka ɗauki tulluwa shida. Wanda ya duba hotunan cikin zai ga ba wurin da aka ɓoye yadda nauyi ke tafiya. Idonka zai bi shi daga tsakiyar rufi, ya gangaro ta baka, ya shiga ginshiƙi, ya sauka ƙasa. A jikin ginshiƙan kuma ya yi ado da ƙasar tun tana ɗanya, zane mai zurfi, layuka da kusurwoyi da naɗe-naɗe, ba irin adon fenti mai ƙyalƙyali da ake yi a fuskar gidaje daga baya ba. Hasken da ke shiga kaɗan ne, saboda haka inuwa ce ke fito da zanen. A ganina a nan gwanintarsa ta fi fitowa, ya san inda zai yi ado, ya kuma san inda zai ɗauke hannu.

Sai kuma ruwa, babban abokin gabar ginin ƙasa, ga Zariya ta fi Kano samun sa. Magina suna da maganinsu. Akwai makuba, daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da ake haɗa yaɓen bango da ita. Akwai laso na rufi, wanda ake haɗawa da katsi daga gindin karofin marina, da gashin da majema ke karkarewa, da ruwan dafara. Akwai indararo mai tsawo da ke watsa ruwa nesa da gindin bango. Ku duba yadda sana'o'i suka riƙe juna: sharar marini da ta majemi ita ce simintin magini.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, wannan ma a faɗe shi. Gini irin wannan yana cin tubali dubbai da ruwa ba iyaka, kuma manyan ayyukan sarakuna a wancan zamani da ƙarfin bayi da gayyar talakawa ake yin su. Sunan mutum ɗaya ya rage, amma ƙafafu da yawa ne suka taka ƙasar.

Mutum irin wannan ba ya rasa labarai. Wanda ya fi yawo shi ne wai da dare yake gini. Ma'aikata su tara kaya da rana su watse, da safe a tarar aiki ya ci gaba, sai aka ce ai da aljanu yake aiki. Ni dai ban ga abin mamaki a nan ba. Ko a garinmu idan maƙeri ko magini ya fi sa'o'insa, ba a cewa ya fi su lura da haƙuri, sai a ce yana da asiri. Kuma mai sana'ar gado yana da dalilin da zai sa ya ɗaura bakansa ba idon jama'a, domin ɗaurin nan shi ne jarinsa da na 'ya'yansa.

Sunansa ya wuce Zazzau. A Kafin Madaki, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa ta jihar Bauchi, akwai gidan Madaki mai soron da ake danganta shi da Babban Gwani, har soron ma da wannan suna ake kiran sa. Tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare.

Labarin ƙarshensa kuwa ba daɗi. Abin da ake bayarwa shi ne, Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa masallaci irin na Zariya. Da ya gama, sarki ya ga kyan abin, sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Labarin baka ne, kuma ana ba da irinsa game da manyan magina a wasu ƙasashen. Amma ko yaya aka ɗauke shi, yana nuna yadda mutanen lokacin suka ɗauki abin: gwanintar ba a takarda take ba, a kan mutum take da hannunsa, idan aka kawar da shi an rufe littafin. Allah ya jiƙansa da rahama.

Masallacin ya ci gaba da tsayuwa bayansa, ya ga zuwan Turawa, ya ga 'yancin kai. Abin da ya tsayar da shi ba ƙarfin ƙasa ba ne kawai. Ginin ƙasa kamar gona yake, kowace shekara yana son hannu. Kafin damina a hau rufi a duba tsaga, a toshe, a sabunta laso, a gyara indararo, a yaɓe inda ruwa ya zaizaye. A wajen wannan gyara ne yaran magina ke ganin cikin aikin kakansu, su koya.

Sai zamani ya juya. A Kano an rushe tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, aka gina sabo a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda aka buɗe a 1951. Zariya ta bi wata hanya dabam. A shekarun 1970, lokacin kuɗin mai, aka gina sabon masallaci na siminti da kankare ya lulluɓe tsohon ɗakin sallar, ya zama gini a cikin gini. A lokacin, daga dandali ginin zamani ake gani, sai an shiga a tarar da ginshiƙan Durugu. Kafin wannan, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla, kuma aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ba don wannan awo ba, da yawancin abin da ɗalibi irina zai gani na asalin siffarsa ta waje ya tafi.

Waɗanda suka yi wannan lulluɓi da kyakkyawar niyya suka yi, jama'a ta ƙaru, kuma sun so su kare tsohon daga ruwa maimakon su rushe shi. Sun fi waɗanda suka sa katafila. Amma a daidai wannan zamani ne kuma sana'ar kanta ta fara mutuwa a ko'ina. Mai kuɗi ya koma bulo da kwano, ɗan magini ya koma birkila, marina suka ragu, giginya ta yi wuya. Aka wayi gari muna da gine-ginen da muke alfahari da su, masu iya jinyarsu kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Bayan abin da ya faru a 2023, Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kiran injiniyoyi sai ƙaddara ta riga. Gini ne da ya haura shekara 170 a tsaye. Daga baya aka yi gangamin tara kuɗi don sake gina masallacin.

Akwai wani misali daga nesa da ya tsaya mini a rai. A Japan, a garin Ise, akwai babban wurin bautar addininsu na gargajiya, Shinto. Abin da suke bautawa ba shi ne zancenmu ba, dabarar ginin ce ta shafe mu. Da katako da rufin ciyawa aka yi shi, kayan da ba sa daɗewa, kamar dai namu. Sai suka ajiye fili biyu gefe da gefe. Duk shekara 20 sai su gina sabo sak irin tsohon a ɗaya filin, sannan su kwance tsohon. Sun fara wannan tun wajen shekarar 690, an samu yankewa lokacin yaƙe-yaƙe, aka dawo aka ci gaba. Na baya-bayan nan a 2013 aka yi, shi ne karo na 62. Shekara 20 daidai take da tazarar uba da ɗa: kafinta ya yi na farko yana yaro mai miƙa kaya, na biyu yana gwani, na uku yana mai duba aiki. Katakon sabo ne kullum, ilmin ne tsoho. Kuma manyan masu zanen gine-ginen zamani ba su raina wurin ba. Bajamushe Bruno Taut ya yaba shi a shekarun 1930, Kenzo Tange kuma, wanda ya yi suna da ginin kankare, har littafi ya yi a kansa, yana ganin tushen ginin zamani na ƙasarsu a can yake. Abin da aka koya mana a lakca game da ginin zamani, cewa a bar kayan gini su nuna kansu, a bar ƙashin gini a fili, kada a yi adon banza, wallahi duk yana cikin ɗakin sallar Durugu. Bambancin kawai, su sun sami masu cewa wannan namu ne, mu ɗora a kai.

Ba wai an rasa masu ɗorawa gaba ɗaya ba. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara masallacin ƙasa a 1962, ya yi ta faɗaɗa shi da baka da tulluwa, har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, har yau duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallacinsu a rana ɗaya, kamar bikin salla.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mini a hostal: wa zai kwana a ɗakin ƙasa da difloma a hannu? Ban ce a daina bulo ba, ni ma da shi zan ci abinci in Allah ya yarda. Kuma ginin ƙasa da aka yi sakaci da shi yana kisa, duk damina muna jin labari a ƙauyukan Gaya da Ajingi. Amma duk wanda ya kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu an ɗauke wuta, ya kuma taɓa yin ƙailula a soron kakansa, ya san wanne ne aka yi don wannan ƙasa.

A gidanmu a Toranke akwai tsohon zaure mai ɗaurin guga guda ɗaya, ƙarami, bai kai a sa shi a littafi ba. Da na je hutun da ya wuce na tsaya a ƙarƙashinsa da tef ina awo, yara suna mini dariya. Dattijon da ke gyara mana shi duk shekara ya tsufa, ba ya iya hawa rufi, 'ya'yansa duka bulo suke bugawa. Na tambaye shi ko ya san Babban Gwani, ya ce ya ji sunan a bakin mahaifinsa. Na roƙe shi ya nuna mini yadda ake kafa ƙafar baka, ya yi dariya, ya ce ba a nuna wannan da baki, sai dai in samo azara in zo da rani. Azarar ce ta ba ni wahala, sai da aka yi mini cigiya har kasuwar Wudil, amma an samu guda goma sha biyu.

Bayan jarrabawar ƙarshe za mu tayar da ɗan ƙaramin zaure a bayan gida, mita uku kowace fuska, baka biyu masu gittawa. Shi zai zauna a inuwa yana ba da umarni, mu mu taka ƙasa. Mutum huɗu daga ajinmu sun riga sun ce za su. Wanda ke so ya same ni a sutudiyon zane bayan la'asar. Mota daga Kano zuwa Gaya, daga nan a hau ta Ajingi. A zo da tsofaffin kaya, don jar ƙasar can ba ta fita a wanki.